Faten da Aka Koya da Ƙeya

Lahadi. Aikin farko: mayar wa Maman Nanret turminta kafin a tafi sujada. An mayar da turmi. An manta da taɓarya.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu. Da kina nan da na tambaye ki gajiya, da ƙafar nan da ke damunki in damina ta kama, amma na san inda kike babu gajiya babu ciwon ƙafa. Mu nan Unguwar Boro lafiya lau muke. Surukarki Hannatu tana gaisuwa. Jikarki Rahila ta shiga aji biyar, ta kusa kamo uwarta tsawo. Ni kuma ina nan a siton masaka inda kika bar ni, ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Sakataren cocinmu ya ce in na gama wannan wasiƙa in ba shi ya sa a 'yar mujallar da ake rabawa, don haka in kin ji ina ɗan gyara magana, mutane ne ke karantawa.

Labarin ƙasa kuwa, tun bayan tafiyarki sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Abin da na fi gani ya canza shi ne yanzu kowa yana da ra'ayi, kuma komai sai an ɗaga hannu. A gidan hayarmu har ranar yashe kwata sai da aka jefa ƙuri'a. Kwatar dai ba a yashe ba, amma an yi zaɓe lafiya.

Mama, dalilin wannan wasiƙa shi ne an aiko miki da aiki daga makaranta, ba ki nan, ya faɗo kaina.

Ran Juma'a da yamma Rahila ta dawo da aikin gida, wanda yaran yanzu ke kira homwok. Ki sani, a gidanmu ni ne ofishin aikin gida. Tun tana aji ɗaya duk abin da ya gagare ta ni take kawo wa, ko lissafi ne, ko sunayen jihohi, ko dalilin da ya sa kifi ba ya nutsewa. In na sani in faɗa. In ban sani ba in yi gyaran murya, in ce ta je ta sha ruwa, kafin ta dawo na duba littafi. A wurin aiki ni akawu ne kamar kowa, amma a kan bencin ƙofar ɗakinmu, tsakanin dawowata da faɗuwar rana, ni ne wanda ya san komai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan ɗan lokaci ya fi mini albashi.

To, aikin ran nan layi ɗaya ne. Malamarsu, Malama Jummai, ta ce kowane yaro ya tambaya a gida yadda kakarsa ke dafa abincin garinsu, ya rubuto, a kawo ran Litinin.

Rahila ta zauna, ta cire murfin biro, ta ce, “Baba, faten accar Kaka da kake yawan ba mu labari. Yaya ake yi?”

Na yi gyaran murya. Na ce ta je ta sha ruwa. Ta je ta dawo. Babu littafin da zan duba, Mama, domin ke ce littafin.

Na ce, “Da farko ana zuba ruwa a tukunya.” Ta rubuta. Ta ɗago kai tana jira. Na ce, “Sai a ɗora a wuta.” Ta rubuta wannan ma. Daga nan sai muka tsaya muna kallon juna kamar waɗanda mota ta lalace musu a daji.

Kin san dalili, don ke kika shirya shi. Kin tuna dutsen nan na bakin ƙofar madafarki a ƙauye? Ke ba ki taɓa shiga aji ba, amma in malamin mishan ya ba da aiki a yi a gida, kina ɗaukarsa kamar sammacin alƙali. Ki zaunar da ni kan dutsen, littafi a gwiwa, inda za ki riƙa ganina. In na waiwayo, sai ki ce, “Juya baya. Mai karatu ba ya kallon tukunya.”

Yaya Kande ce a ciki tare da ke. Ita ta ga komai. Ni kuwa duk shekarun firamare na yi su ne da ƙeyata wajen wuta. Na ci fatenki har ban san iyaka ba, amma ban taɓa ganin ana yinsa ba. Ina sane da shi ne kamar yadda mutum ke sane da hantarsa: yana amfana da ita, bai taɓa ganinta ba.

Yaya Kande tana ƙauye. Ko yau na ba direban motar garinmu saƙo, amsa ba za ta iso kafin Litinin ba. Hannatu kuma kin san 'yar Kaduna ce, a unguwar Nasarawa aka haife ta, shinkafa da burodi suka raine ta. Da na dube ta sai ta ce, “Kada ka kalle ni, Baban Rahila. Uwarka ba ta taɓa bari na taɓa mata tukunyar fate ba.” Wannan kuwa gaskiya ce, ke ma shaida ce.

Rahila ta mayar da murfin biro a hankali, ta ce, “Ba komai, Baba. Bari in tambayi Maman Nanret.”

Mama, da ta yi kuka ko ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Amma da tausayi ta faɗa, irin muryar da ake yi wa tsoho in ya kasa ɗaukar buhu. Na zauna a bencin ina ji a jikina an rufe ofishina. Yau fate ne, gobe lissafi ma can za ta kai.

Maman Nanret maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, mai sayar da dankali da kabeji. Tana jin tambayar ta ajiye wankinta ta fara bayanin gwaten garinsu, wato irin nasu faten, da hannu da ƙafa. Ana cikin haka sai Oga Terna ya fito da rediyonsa. Shi mutumin Binuwai ne, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, kuma tun da aka koma mulkin farar hula bai bar wata magana ta wuce ƙofarsa ba tare da ya sa baki ba. Ya ce abin da ake sha da cokali ba abinci ba ne, magani ne, amma in dole sai an rubuta, to a sa riɗi. Maman Nanret ta ce riɗi a gwate sai dai a Binuwai, inda ake sa doya har a shayi. Oga Terna ya ce a ɗaga hannu. Aka ɗaga. Riɗi ya ci zaɓe, don jikokin Oga Terna sun fi yawa.

Rahila ta rubuta duka, ta zo ta karanta mini. A saman shafin an sa “Faten Kakata.” A ƙasa kuwa gwaten Filato ne, da riɗin Binuwai, da wani dunƙulen ɗanɗano na kanti da Hannatu ta cusa daga baya. Ke da ba ki yarda da abin da aka naɗe a takarda ya shiga tukunyarki ba!

Na ce, “Wannan ba faten Mama ba ne.”

Maman Nanret ta riƙe ƙugu ta ce, “To Akawu, yaya nata yake?”

Na ce za a duba.

Washegari Asabar da safe akwai taron iyaye da malamai, kuma kamar an shirya, maganar aikin gida ce a gaba. Malama Jummai ta tashi da tarin littattafan yara a hannu. Ta ɗaga ɗaya ta ce wannan rubutun uba ne. Ta ɗaga wani ta ce wannan na uwa ne. Ta ɗaga na uku ta ce wannan na wani ɗan haya ne mai karatu a kwaleji, kuma shi ke yi wa rabin unguwa. Ta ce, “Ni yara nake koyarwa, amma kullum iyaye nake ba maki. Kuma ku yi haƙuri, wasunku ba kwa ci.” Aka yi dariya. Wasu sun yi dariyar suna kallon ƙasa. Shawararta ita ce a daina aika aiki gida, a riƙa yinsa a aji a gabanta.

Wata mata daga Gonin Gora, mai saye da sayarwa a bakin titi, ta goyi bayanta. Ta ce ɗanta yana ajiye jaka yake ɗaukar farantin ayaba, in ya dawo an ɗauke wuta, da safe kuma a zane shi a makaranta. Ta ce, “Ku gaya mini, laifin yaron ne ko na ayabar?” Na ji maganarta har cikin raina, na rubuta a takardata: tana da gaskiya.

Sai wani bakanike ya tashi, hannunsa duk baƙin mai, ya ce shi bai yi boko ba, kuma in yara ba su kawo komai gida ba, ta ina zai san ko karatu ake yi ko gaɗa? Ya ce, “Ni in na gyara mota sai mai ita ya tuƙa ta ya ji. Ku ma ku bari mu tuƙa yaranmu mu ji.” Na tuna ki, Mama. Na rubuta: shi ma yana da gaskiya.

Aka ce masu son a bar aiki a aji su ɗaga hannu. Na ɗaga. Aka ce masu son ya ci gaba da zuwa gida su ɗaga. Ban ankara ba sai na ga hannuna a sama. Mai ƙirga ya ce, “Baban Rahila, ai ka riga ka ɗaga a can.” Oga Terna, wanda ya zo a madadin iyayen jikokinsa, ya ce da ƙarfi, “Ku ƙyale shi, haka ake zaɓe yanzu!”

Aka yi kunnen doki. Aka kafa kwamiti. Da aka duba aka ga ni kaɗai ke riƙe da biro a buɗe, sai aka naɗa ni sakatare.

Daga makaranta na wuce kasuwa, don na ƙudurta cewa sunanki ba zai tafi aji biyar da riɗi ba. Na sayo surfaffiyar acca, da gauta, da yakuwa, da gyaɗa, da daddawa, da barkono. Waɗannan dai harshena ya san su. Abin da ban sani ba shi ne wa ke gaba wa ke baya. Hannatu ta hura itace a tsakar gida, muka aro turmin Maman Nanret, na jera kayan a tabarma daga dama zuwa hagu kamar yadda nake yi a sito. Na tsaya a kan tukunya na zuba mata ido. Ita ma ta zuba mini ido.

Hannatu ta gaji ta ce, “Ka tsaya mana a ka kamar sufeton tsabta. Je ka zauna, za mu yi abin da Allah ya nufa.”

Na koma benci da kunya. Don kada in ga yadda za a ɓata acca, sai na juya musu baya, na ɗora takardun kwamiti a gwiwa, na sunkuyar da kai.

Mama, a nan abin ya faru.

Rahila ta fara wanke acca a robar wanke-wanke. Ina jin ƙarar, sai na ji bakina ya ce, ba da shawarata ba, “Ba haka ba. Da ƙwarya ake regewa, kuma biyu ne.” Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba. Maman Nanret ta shiga ɗaki ta kawo ƙore. Rahila ta fara juyawa daga wannan zuwa wancan. Na ce ta rage sauri. Ta rage. Sai ga sautin nan, shaa, shaa, a hankali kamar ruwan farkon damina a kan jinka, a ƙarshe kuma a watsar da yashin ƙasan ƙwarya, fat. Saura kaɗan in ji kajinki sun taho da gudu.

Na so in waiwaya. Da na fara juyawa na ga tukunya, sai komai ya ɓace. Na koma na ba ta ƙeya, ya dawo.

Daga nan na rufe ido na riƙa ba da umarni. Gauta ne farko a turmi, don dakansa ne nake fara ji, mai ruwa-ruwa, ba ƙarfi. Gyaɗa tana biye, tana farawa da hayaniya ta ƙare da laushi, kamar mai faɗa in ya gaji. Warin daddawa yana riga ƙarar murfi isowa. Acca ba a juye ta gaba ɗaya, don muciyarki ba ta daina goga gindin tukunya har sai ƙwarya ta yi kaf. Da Rahila ta ɗauko wuƙa za ta yanka yakuwa, na ji ƙarar ƙarfe a katako na ce, “Ajiye. Kakarki da hannu take tsinkawa.”

Kafin a kai nan duk gidan ya taru. Ki dubi ɗanki, mutum mai furfura a gemu, zaune ido rufe, ya ba wuta baya, yana ɗaga yatsa kamar mai ba da waƙa a coci. Oga Terna ya kashe rediyonsa, abin da bai taɓa yi ba tun ran da aka rantsar da gwamna, ya ce, “Akawu ya zama boka.” Maman Nanret ta ce tun tana yarinya take girki, amma ba ta taɓa ganin mai koyar da girki da ƙeya ba.

Da aka zo ƙarshe sai na tsaya. Akwai abu ɗaya da ya rage. Bayan yakuwa, kullum nakan ji takunki kin fita, kin zagaya bayan ɗaki, kin ɗan jima, kin dawo. Sai a buɗe murfi, a rufe, ki ce, “Kande, sauke.” Na faɗa musu haka. Na ce lalle wani ganye kike tsinkowa, kuma shi ne sirrin faten.

Hannatu ta ce, “Ka tabbata ba bayan gida take zuwa ba?”

Mama, ki yafe mata. Gidan ya yi dariya har Oga Terna ya shaƙe. Ni ban yi ba, domin gaskiya ita ce ban tabbata ba. Wannan tambaya ta bi ni har cikin wa'azin yau, ban san ayar da aka karanta ba.

Aka sauke. Na juyo, na karɓi ludayi, na kai baki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba naki ba ne. Amma ɗan'uwansa ne na jini. Na ji hayaƙin nan, da ɗacin gauta, da tsamin yakuwa yana zuwa daga baya. A can ƙarshen harshe ne kawai na ji wani gurbi, inda abin bayan ɗaki ya kamata ya zauna. Na ce hayaƙi ya shiga mini ido. Babu wanda ya musa, har Hannatu.

Rahila ta yage shafin riɗi ta sake rubutawa da kanta. Ban taɓa biron ba. Ta rubuta yadda ƙwarya ke yi, da yadda gyaɗa ke gajiya a turmi. A ƙarshe ta sa, “Sai Kaka ta zagaya bayan ɗaki. Ba mu san abin da take zuwa yi ba. Za mu tambaya.” Hannuna ya yi ƙaiƙayi in goge wannan layi, don ni a sito ba na barin gurbi. Amma na tuna Malama Jummai da tarin littattafanta, na bar shi. Ko ta ba da maki ko ta hana, wannan karon yarinyar za ta ba.

Ga abin da nake shirin faɗa wa kwamiti, ki ji ko ya yi. Lissafi da abin da ke bukatar malami a kusa, a yi su a aji, kada a sake zane yaro saboda ayaba. Abin da zai zo gida kuwa ya zama irin tambayar da ba ta son fitila ko tebur, wadda yaro zai iya yi wa uwarsa ko a bakin titi, kuma babu ɗan kwalejin da zai iya amsa masa. Wataƙila kwamiti ya ƙi. Wataƙila ni ma in ƙi kafin ranar zama, kin san halina.

Ba na ganin laifinki da kika juya ni. Kin hana ni kallon tukunya don in kalli littafi, littafin kuma ya kai ni inda nake ciyar da jikarki. Abin da ban sani ba shi ne duk lokacin da nake zaton malamin mishan kaɗai nake yi wa aiki a kan dutsen nan, ashe aji biyu nake zaune. Ɗaya a gabana, ɗaya a bayana.

Ɗazu bayan mun dawo sujada, ina zaune a benci ina wannan rubutu, Rahila ta zo ta tsaya. Babu littafi a hannunta, babu biro. Maman Nanret tana nan a ƙofarta tana tsinar shinkafa, amma yarinyar ba ta dubi can ba. Ta ce, “Baba, in Kaka tana daka, shiru take yi?”

Wannan ba ya cikin aikin Malama Jummai. Kuma ban ce ta je ta sha ruwa ba, Mama, don wannan na san shi. Ba shiru kike yi ba. Akwai 'yar waƙar nan da yarenmu, wadda kike yi ƙasa-ƙasa, kina tsayawa duk lokacin da taɓarya ta sauka. Rahila ba ta jin yaren. Na ce mata gobe da yamma. Na gwada farkon waƙar a zaune ina kallonta, ta ƙi fitowa, amma yanzu na san yadda ake kiranta.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a wurinsa. Ya sāka miki kowace ƙwarya da kika rege, da kowane “juya baya” da kika faɗa da ƙauna. Ya ba Yaya Kande tsawon rai da ƙwaƙwalwa mai kyau, aƙalla har saƙona ya isa. Ya sa jikarki kada ta gaji da tambaya, ni kuma ya ba ni abin da zan amsa mata. Amin.

Ni ne ɗanki mai zaman dutse,
Ishaya

Na gobe, Litinin:

Taɓaryar Maman Nanret. A'a, a ƙara roƙon kwana ɗaya, har da turmin.
Sayen ƙwarya biyu namu na kanmu.
Rahoton kwamiti. In an zo zaɓe, hannu ɗaya kawai.
Saƙo ga Yaya Kande ta hannun direba: me Mama take zuwa yi a bayan ɗaki? A liƙe ambulan da kyau.
Da yamma: Rahila a turmi, ni a benci. In juya baya.